Inna Ta Kasa Haɗiyar Maganin Ƙashi, Ko In Daka Mata a Fura?

FILIN TAMBAYA DA AMSA A KAN MAGUNGUNA

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Allah ya ƙara basira. Tambayata a kan mahaifiyata ce, shekarunta 71. Bara da damina santsi ya ɗebe ta a tsakar gida, ta dafa ƙasa da hannu, sai wuyan hannun ya karye. Bayan an cire mata filasta, likitan ƙashi ya ce irin wannan faɗuwar ba ta kai ta karya mutum ba. Ya tura mu aka yi hoto, aka ce ƙashinta ya zaizaye. An rubuta mata Alendronate 70mg, ƙwaya ɗaya duk mako, da wata babbar ƙwayar kalsiyam kullum.

Matsalar ita ce Inna ba ta iya haɗiyar ƙwaya. Da can tana sha da ƙyar, amma 'yan watannin nan abin ya ƙaru. Sai ta ce ta tsaya mata a ƙirji, ta yi ta dukan ƙirjin tana kurɓar ruwa. Yanzu har tuwo sai ta yi loma ƙanana da miya mai yawa, nama kuwa ta daina ci, kuma ta rame, rigunanta duk sun yi mata yawa. Maganin hawan jininta dama daka mata nake a cokali in zuba a koko. Na yi haka da na ƙashin sau biyu, ta ce bakinta da maƙogwaronta suna yi mata raɗaɗi, ta rantse ba za ta ƙara sha ba. Ƙanena ya ce a ƙyale ta, tsufa ne. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. In ci gaba da dakawa in sa a fura ko zuma, ko kuwa akwai na ruwa?

Daga wata mai karatunmu a Funtuwa

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Bari in fara da abin da ba na so ya kwana: kada ki ƙara daka wannan ƙwayar. Kada ki jiƙa ta a cokali, kada ki sa ta a fura ko zuma ko ayaba. Ko a dunƙulenta ma ki ajiye ta tukuna, har sai likita ya gano abin da ke sa abinci tsaya wa Inna a ƙirji. Mako biyu ko uku babu ita ba zai yi wa ƙashin komai ba. Gardamar da Inna ta yi tana kan gaskiyarta, raɗaɗin da ta ji na gaske ne.

Alendronate magani ne mai kyau, tun 1995 ake amfani da shi, kuma ya tsare mata da yawa daga karayar ƙugu. A jikin kowa, kullum ana rushe tsohon ƙashi ana gina sabo. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, masu rushewar sai su fi masu ginin sauri, cikin ƙashin ya koma kamar azarar da gara ta ci: a ido tana nan daram, sai ranar da aka ɗora mata nauyi. Aikin wannan magani shi ne ya manne a ƙashin ya rage wa masu rushewar ƙarfi.

Sai dai yana ƙona duk fatar da ya zauna a kanta. Shi ya sa aka ce a haɗiye shi ɗungurungum da cikakken kofin ruwa, don ya wuce da sauri ya faɗa ciki, kuma mutum ya zauna a miƙe na rabin awa don kada ya dawo sama. Idan kika daka shi, kin shimfiɗa garin ne a kan harshe da maƙogwaro da bututun abinci gaba ɗaya. An taɓa kawo mini wata dattijuwa a wurin aiki, ta buɗe baki na ga cikin kumatunta da ƙarƙashin harshenta duk sun saɓule sun yi ja. An yi ta shafa mata maganin gyambon baki bai ji ba. Da muka bi diddigi, ashe duk Juma'a sai ta sa ƙwayar a gefen baki ta tsotse ta har ta narke, domin jikarta ta ce hakan ya fi sauƙi. Da aka tsayar da tsotson, bakin ya warke.

Sannan kokon da kika zuba shi ciki ya kashe aikinsa. Ko an sha shi yadda aka tsara, cikin mutum babu komai, abin da jiki ke tsotsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gahawa ko ruwan lemo kaɗai suna rage wannan ɗan abin da kusan kashi 60 cikin 100, abinci kuwa, musamman mai nono irin fura, kusan shafe shi yake yi. Ke nan Inna ta sha ƙunar, ƙashin kuma bai samu komai ba.

Amma 'yar'uwa, abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarki ba ƙwayar ba ce. Tuwon ne, da naman da ta daina ci, da ramar. Mutane da yawa ba sa iya haɗiyar ƙwaya alhali suna cin tsire lafiya lau, waɗannan tsoro ne ko rashin dabara ke damunsu. Wanda kuwa abinci ke tsaya masa, abin yana ƙaruwa wata bayan wata, yana kuma ramewa, akwai abin da ya tare hanya ko ya raunana ta, kuma wajibi ne a duba. Yana iya zama ƙwarnafi na shekaru ya ƙona ƙasan bututun abinci har ya tsuke. Yana iya zama ƙofar cikin ce ba ta buɗewa yadda ya kamata, abin da likitoci ke kira akalesiya. Maƙoƙo idan ya girma yana danne hanya. Ƙaramar shanyewar ɓarin jiki da ta wuce ba a lura ba tana taɓa haɗiya, haka ma ciwon makyarkyata. Ita kanta Alendronate, idan ta sha maƙalewa, tana haifar da gyambo a wurin. Ba zan ɓoye miki ba, a mai irin shekarun Inna dole a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Ban ce shi ne ba, na ce kada a zauna a kan zato.

Ki kai ta asibiti cikin makon nan ko mai zuwa. Idan kin shiga wurin likita kada ki ce kawai “ba ta son shan magani”, don zai ɗauka rigimar tsofaffi ce ya yi mata nasiha ku fito. Ki ce: abinci mai tauri yana tsaya mata, ga watan da ya fara, yana ƙaruwa, ta rame, kuma tana kan Alendronate. Ki faɗa masa kin daka sau biyu, babu abin kunya a ciki. Kafin ku je ki lura da ita a wurin cin abinci. Ki duba ko tana ƙwarewa ko tari idan ta sha ruwa, ko muryarta tana canjawa bayan haɗiya, ko abinci yana dawowa, ko bayan gidanta ya yi baƙi. Ki tambaye ta ta nuna miki da yatsa inda yake tsayawa, a wuya ne ko a tsakiyar ƙirji. Galibi za a tura ku leƙen ciki da na'ura, wato endoskofi, ko hoton da ake shan farin ruwan bariyam kafin a ɗauka. Manyan asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano suna yin wannan. Idan wata rana ruwa ma ya ƙi wucewa, ko ta yi aman jini, wannan ba jiran mako ba ne, a ranar za ku tafi.

Takardar da ke cikin kwalin maganin kanta ta hana ba da shi ga mai tsukewar bututun abinci, da wanda ba zai iya zama a miƙe na minti 30 ba. Mai yiwuwa lokacin da aka rubuta mata matsalar ba ta kai haka ba, ko ba a yi maganarta ba. Yanzu dai lissafin ya canja.

Shi kuma ƙanenki, ki gaishe shi, ki ce ban yarda a ƙyale Inna ba. Karayar wuyan hannu daga faɗuwar tsaye gargaɗi ce. Wadda ta samu irinta ta fi sauran mata haɗarin sake karyewa, kuma ta gaba tana iya zama a ƙugu ko ƙashin baya. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, binciken ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 ba ya kai shekara bayanta, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya da ƙafarsu. Duk wanda ya yi jinyar tsohuwa a kwance, ana juya ta ana yi mata wanka a shimfiɗa, ya san abin da nake nufi. Tsufa ba ya hana magani, kuma maganin ƙashi ba lallai ta baki zai shiga ba.

Kin tambayi na ruwa. Akwai. Ana yin Alendronate na kwalba mai 70mg, akwai kuma ƙwaya mai narkewa a ruwa mai suna Binosto, wadda ake jefawa a rabin kofin ruwa a jira ta gama kumfa ta narke sarai kafin a sha. Waɗannan an yi su ne musamman don a sha a narke, ba daidai suke da ki narkar da ƙwayar da ke hannunki ba. Amma ba na ganin su ne mafitar Inna. Ba kasafai ake samunsu a kantunan maganin garuruwanmu ba. Dokokinsu duk ɗaya ne da na ƙwaya, ciki babu komai da zaman minti 30. Mai tsukewar bututu an hana shi su ma, mai ƙwarewa da ruwa kuma na ruwan yana iya bi masa ta hanyar iska zuwa huhu. Binosto ɗin ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kimanin miligiram 600, abin lura ga mai hawan jini. Sauran 'yan gidansu, Risedronate da Ibandronate na wata-wata, idan aka koma musu an gudu ne ba a tsira ba.

Da mahaifiyata ce, abin da zan roƙi likita ya duba shi ne Zoledronic acid, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta da wasu sunayen. Ƙarin ruwa ne ta jijiya, miligiram 5 a 'yar kwalba, ana ɗiga shi a hankali na aƙalla minti 15, sau ɗaya a shekara. Ba ya bi ta maƙogwaro ko kaɗan. A babban gwajin da aka wallafa a 2007 a kan mata sama da 7,000, ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu da kashi 41 cikin 100, a cikin shekara uku. Yawanci ana yin sau uku, wato shekara uku, sai likita ya sake dubawa ko a huta ko a ci gaba. Kuɗinsa a tashi ɗaya ya fi na ƙwaya nauyi, amma sau ɗaya ne a shekara, kuma 'ya'ya za su iya haɗa hannu su tanada.

Yana da sharuɗɗa, kuma ina so ki riƙe su da kyau, don a nan ne ake yin ganganci. Dole a auna ƙoda da gwajin jini kafin kowane ƙarin ruwa, balle ga mai hawan jini na shekaru. Idan aikin ƙoda ya yi ƙasa sosai ba a ba da shi. Dole a auna kalsiyam na jini, a kuma cike giɓin bitamin D tukuna, in ba haka ba kalsiyam ɗin yana iya faɗuwa bayan an saka, sai ki ga yatsu da leɓe suna mata jijjiga ko tsoka tana ɗaurewa. Ranar da za a yi, ta sha ruwa sosai kafin da bayan. A asibiti za a yi shi, ba a kemis ba, ba kuma a kira ma'aikacin jinya na unguwa ya ɗaura a ɗaki ba. Ki karanta kwalin da idonki, ki ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma tabbatar abin da likita ya rubuta aka ba ki, domin akwai mai miligiram 4 irin Zometa da ake ba masu ciwon daji a wani tsarin daban.

Sai zazzaɓi. Kusan mutum 1 cikin 3 yana jin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala bayan na farko, kwana biyu ko uku ya wuce, a na biyu da na uku kuma ya kan ragu sosai. Ina faɗa miki tun yanzu don kada ku ɗauka maleriya ce ku fara allurai, ko Inna ta ce maganin bai karɓe ta ba. Paracetamol na ruwa ya isa. Ku guji Diclofenac da Ibuprofen da Feldene a kwanakin nan saboda ƙoda, dama kuma ga mai ciwon bututun abinci ba abokan tafiya ba ne. Idan zazzaɓin ya haura kwana uku, to a yi gwajin maleriya.

Kafin a fara, ki kai ta wurin likitan haƙori. Idan akwai ruɓaɓɓen da za a cire, a cire ya warke tukuna. Dukan magungunan nan, har da ƙwayar, a kan samu wanda muƙamuƙinsa ya ƙi warkewa bayan cire haƙori. Abu ne mai wuyar faruwa ga masu shan su don zaizayewar ƙashi, kuma bai kai a fasa magani saboda shi ba, amma duba haƙori ba ya cin komai. Haka nan idan bayan shekaru ta fara jin wani ciwo mai naci a cinya ko matsematsi, a faɗa wa likita.

Idan ƙodar ta ƙi, akwai allurar Denosumab, mai suna Prolia, ta ƙarƙashin fata duk wata shida. Na yi bayaninta a amsar ƙarshe ta wannan filin, ki karanta kafin ku amince da ita. Akwai kuma allurai masu gina sabon ƙashi, Teriparatide ta kullum da Romosozumab ta wata-wata, waɗanda ake ajiye wa masu karaya da yawa. Suna da tsada ƙwarai, ta biyun kuma ba a ba wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba.

Babbar ƙwayar kalsiyam ɗin kuwa ba sai an sha wahala da ita ba. Akwai ta taunawa, akwai mai narkewa a ruwa, bitamin D kuma akwai na ɗigawa. Mace mai shekarun Inna tana buƙatar kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, abinci da magani a haɗe, kuma abincinmu na yau da kullum ya kan gaza. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu suka gwame, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin. Abin farin ciki, abubuwan da suka fi ɗauke da shi su ne masu sauƙin haɗiya: kindirmo, nono, madara, miyar kuka, zogale da aka dafa ya yi laushi, ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu a miya. Kofin madara ɗaya yana ba da kusan miligiram 300. Ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta. Wurin da santsin ya ɗebe ta kuma a gyara shi, a sa fitila a hanyar banɗaki.

Kin ambaci dakan maganin hawan jini a wuce, ni kuma ba zan bar shi ya wuce ba. Ki ɗauki kwalin ki kai wa famasis. Idan Amlodipine ne, ana iya daka shi. Amma idan Nifedipine ne mai sakin kansa a hankali, wanda za ki ga an rubuta SR ko XL ko Retard a jikinsa, dakawa tana sakin maganin awoyi da yawa a lokaci ɗaya. Jini ya faɗi, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi ƙasa, ga ƙashi ba ƙarfi. Ki kwashe duk abin da take sha, har wanda ake sayo mata a kemis don ciwon gwiwa, a duba su gaba ɗaya. Idan akwai Prednisolone ko Dexamethasone a ciki, likita ya sani, domin suna cikin manyan masu cin ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a tsayar masa da su farat ɗaya.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce mai ritaya, shekarata 63, ina kan Alendronate. Abinci ba ya tsaya mini ko kaɗan, amma tun ina yarinya ƙwaya ke ba ni wahala, sai in ɗaga kai sama in yi ta kakari. Ina sha da na tashi da asuba, in yi salla, in ɗan koma in kishingiɗa. Kwanan nan ina jin ƙwarnafi. Sannan yaya zan yi da azumi?

Daga wata mai karatunmu a Zariya

AMSA

Barka kadai Malama, Allah ya sa a ci moriyar ritaya lafiya. Taki mai sauƙi ce in sha Allahu, tsari kawai za mu juya. Ki yi sallarki tukuna, sannan ki sha. Ruku'u da sujada suna kifa ƙirji ƙasa da ciki, abin da ke ciki ya gangaro bututun abinci, kishingiɗar kuma ta ƙarasa aikin. Idan kin sallame, ki zauna a kujera bayanki a miƙe, ki sha ƙwayar, ki ɗauki carbinki ko Alƙur'aninki. Azkar ɗin safe da ɗan karatu sun cinye minti 30 ba ki sani ba. Daga nan ki karya, kuma kada ki kwanta sai kin ci wani abu. Shara a sunkuye da wanke-wanke a durƙushe su ma su jira.

Ruwan ya zama zalla, ba shayi ba, kuma aƙalla mililita 200. Rabin ledar ruwa ta santilita 50 ya wadatar. Idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai gauri ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, ki yi amfani da wani, don kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana riƙe maganin. Ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini da maganin olsa na ruwa ki bar su sai rana ta yi.

Ɗaga kai sama da kike yi yana ƙara wahalar ne. Ga dabarar da aka gwada a Jami'ar Heidelberg ta Jamus aka wallafa a 2014, ta kuma sauƙaƙa wa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka gwada. Ki cika robar ruwa mai laushi, ki fara kurɓa ki jiƙa baki. Ki ɗora ƙwayar a harshe, ki kama bakin robar da leɓɓanki gam yadda iska ba za ta shiga ba, ki zuƙo ruwan ki haɗiye a take. Za ki ji robar ta lotsa a hannunki, ƙwayar kuma ta wuce tare da ruwan. Sai ki shanye sauran. Idan kafso ne, tunda shi tasowa yake a kan ruwa, sai ki kurɓa ki sunkuyar da haɓa wajen ƙirji sannan ki haɗiye. Wannan dabara taki ce, ba ta mai ƙwarewa da ruwa ko wanda abinci ke tsaya masa ba.

Da azumi, ranar maganin ki tashi da wuri, ki sha shi minti 30 ko fiye kafin sahur, ki zauna, sannan ki ci. Idan kin makara ki bar shi sai washegari a irin wannan lokacin, ki koma ranarki ta asali a mako mai zuwa, kada dai ki sha biyu rana ɗaya. Idan kin gyara duk wannan ƙwarnafin bai tafi ba, ko kika fara jin zafi wajen haɗiya ko ciwo a bayan ƙashin ƙirji, ki ajiye ƙwayar ki ga likitanki.

TAMBAYA

Salamu alaikum. Matata ba ta iya shan ƙwaya tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai likita ya sa ta a kan allurar Prolia. An yi mata sau uku. Ɗanmu ne ke aiko da ita daga waje, wannan karon bai samu mai tahowa ba, har lokacin ya wuce da mako shida. Tunda tana jin daɗin jikinta, ko mu bar ta haka?

Daga wani magidanci a Sakkwato

AMSA

Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ku bar ta haka, kuma ina roƙonka ka kira likitanta gobe. Prolia ta bambanta da su Alendronate. Su suna zama a cikin ƙashi su ci gaba da aiki ko an daina. Ita kuwa da wata shidan ya cika ƙarfinta yake ƙarewa, masu rushe ƙashin su taso gaba ɗaya da ƙarfin da ya fi na da. Abin da aka tara a shekaru yana iya zubewa cikin shekara guda, kuma an ga mata da ƙashin bayansu ya karye a wuri biyu ko uku 'yan watanni bayan an fasa allura, ba tare da sun faɗi ba. Shi ya sa ba a so jinkiri ya wuce wata ɗaya, ku kuma kun haura. Jin daɗin jiki ba shaida ba ce a nan, domin zaizayewar ƙashi ba ta ciwo sai an karye.

Likita zai zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai a nemo allurar a manyan kantunan magani na cikin ƙasa a yi mata yanzu, ko kuma, idan kun ga samunta duk wata shida ba zai ɗore ba, a mayar da ita kan ƙarin ruwan Zoledronic acid da na yi bayani a sama, wanda zai riƙe abin da aka samu. Ko wanne aka zaɓa, a auna kalsiyam da ƙoda tukuna. Mai ciwon ƙoda mai tsanani kalsiyam ɗinsa yana iya faɗuwa ƙwarai bayan Prolia, har hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara babban gargaɗi a kan haka a 2024.

Ka kuma tambayi yadda allurar ke isowa. Ana ajiye ta ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare, kuma a wajen firji zafin bai kamata ya wuce digiri 25 ba. Wadda ta kwana a akwatin matafiyi ta biyo mota zuwa Sakkwato a watan Afrilu, ko ta zauna a firjin da wuta ke ɗaukewa yini guda, ba za a iya dogara da ita ba ko da ruwanta ya yi garau. Idan za ku ci gaba da ita, ku saya a inda ke da tsayayyar wuta, a kawo ta cikin kula mai sanyi, a yi ta a ranar. Kafin ku samu ganin likita, Hajiya ta guji ɗaga abu mai nauyi da sunkuyo mai yawa, kuma idan wani sabon ciwon baya ya taso mata farat ɗaya, ku tafi asibiti a ɗauki hoton ƙashin bayan.